Shekarar da Aka Zo Kulob da Kwanuka

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ana kirana Ba-Nama, kuma kowa da irin labarin da yake ba ku a kan sunan. Wasu sun ce muku rowa ce ta jawo mini shi. Baffanku Isiya, in yana son tsokana, yakan ce ai don ba ni da tsoka a jiki ne. Tun da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro, bayan na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, tun ina iya tuna muryar kowa.

Gidanmu gidan kiɗan fawa ne tun kaka da kakanni. Unguwarmu kun san ta, tana gefen Daura ta hanyar Zango, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. A cikin gari kullum akwai nama, ba a bukatar mai shela. Mu kuwa a wancan lokacin ba kullum ake yanka ba, saboda haka kalangu shi ne bakin mahauta. In an kayar da sa, sai makaɗi ya rataya kalangunsa ya zaga lunguna, matan da ke cikin gida su ji, su san yau akwai nama. Kowane yanka da maganarsa. Akwai ta ranar kasuwa, mai tafiya a hankali kamar dattijo. Akwai ta raƙumi. Akwai kuma wata mai sauri, wadda ake yi in saniya ta karye ko ta faɗa rami aka yanka ta ba shiri. Ita wannan cewa take, an yanka, an yanka, ku zo da kwano. Duk wanda ya ji ta ya san naman zai yi araha, domin dole a rabu da shi kafin rana ta ɓata shi. Ladan makaɗi kuwa kaso ne daga kowace dabba, 'yar tsoka, kayan ciki, da ƙashin miya. Da wannan kason aka raine ni, da shi kuma na fara rainon manyanku.

Kakanku Baba Tanko shi ya riƙe kiɗan har hannunsa ya fara rawa, sannan ya miƙa mini tsohon kalangun gidan. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "kai", in yana ba wani labarina sai ya ce "babban". Isiya kuwa sunansa ba ya barin bakinsa, safe da yamma, ko aike ko faɗa. Haka muka tarar ana yi, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Bayan gidajenmu akwai gona guda, bayan gonar kuma katangar kulob ɗin ma'aikata. Nan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sauran waɗanda aiki ya kawo garin suke taruwa da yamma, su buga dara, su ci tsire, su sha lemo. Asabar da Lahadi akwai kiɗa daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Shugaban makaɗan shi ne Oga Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya yi ritaya daga aikin ɗamara inda ya shekara da shekaru yana busa. Ƙahonsa na ƙarfe ne mai lanƙwasa, mai ƙyalli kamar sabuwar tasa. Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi, amma kunnensa ba ya jin maganar kalangu. Shi a wurinsa sauti ne kawai. Wata ranar kasuwa ya zo sayen nama ya tarar ina kiɗa a rumfar mahauta. Ya tsaya da ledarsa a hannu har ƙudaje suka fara taruwa a kai.

"Malam, wannan abin naka kuka yake ko dariya?"

"Magana yake, Oga."

"To ya zo ya yi mana magana ran Asabar. Muna da ganguna, amma duk bebaye ne."

Na je na sami Baba a zaure yana ɓare gyaɗa, na durƙusa na gaya masa. Bai ɗaga kai ba.

"Ana shan abin nan a can?"

"Lemo ne, Baba."

"In an kira salla ana tsayawa?"

"Ana tsayawa."

"To ka je. Amma ka tuna abin da ke hammatarka ba naka ne kai kaɗai ba."

Na ce to, kamar yadda mutum yake ce wa babansa to, ba don na tsaya na auna maganar ba.

Su huɗu na tarar. Ga Oga Bitrus, ga Audu mai jita, ga Sande mai gangunan turawa, ga wani malamin makaranta mai fiyano wanda ba ya magana sai murmushi. Kiɗan nasu suna kiransa jas. Da farko na ɗauka rigima suke yi, kowa ya kama gabansa, amma kuma sai in ga sun haɗu a wuri ɗaya kamar an buga musu ƙararrawa. Oga Bitrus ya ga na rikice, ya zaunar da ni a kan benci.

"Ka taɓa fita kiwo?"

"Na taɓa."

"To shi ke nan, ka iya jas. Mu fita tare, kowa ya ɗan ware ya yi kiwonsa, sauran suna kallonsa kada ya ɓace, sannan mu koma garke tare."

Aikina a farko shi ne in riƙe musu tafiya tare da Sande. Ina gaya muku, ban san akwai irin wannan daɗin a kiɗa ba. Tun ina ƙarami, duk sanda na ɗaga gula, wato sandar kiɗan, akwai wanda yake jiran labari. Nan kuwa ba mai jiran komai. Mutane suna zaune a ƙarƙashin darbejiya, wani ya lumshe ido, wani yana kaɗa ƙafa, mai tsire yana juya tsinke daidai da bugun Sande. Rana ta yi sanyi, inuwa ta miƙe, ƙahon Oga ya hau sama ya sauko kamar shirwa. In na dawo gida innarku takan dube ni ta ce yau ma an ci riba ke nan, alhali ba abin da na shigo da shi sai ɗan abin da aka raba mana da ƙanshin hayaƙin tsire.

Matsala ɗaya ce. In kowa ya yi kiwonsa, sai Oga ya juyo ya ɗaga mini gira, wato nawa ya zo. Karo na farko hannuna ya tsaya cak, Audu ya yi maza ya rufa mini asiri da jitarsa. Karo na biyu ma haka. Bayan an tashi Oga ya ja ni gefe.

"Haruna, me ya sa in na ba ka fili sai ka yi shiru? Ka faɗi naka."

"Ni ba ni da nawa, Oga. Mu abin mutane muke faɗi. Wane ya yanka, wane ɗan wane ne."

"Kowa yana da nasa. Kada ka yi tunani, ka bar hannun ya tafi."

Wannan shawara ta Oga ita ta kawo kwanuka.

Bazara ce, gonar da ke tsakaninmu da kulob ta zama fili fetal. Ranar nan aka kawo sabuwar lasifika aka ɗora ta a kan katanga, bakinta yana duban unguwarmu, aka kuma kafa makirfo daidai bakin kalanguna. Muka ɗauko wani kiɗa mai gudu, wanda Sande yake jiƙewa sharkaf in ana yin sa. Oga ya yi nasa, Audu ya yi nasa, sai na ga gira ta ɗagu. Na ce a raina yau ba zan ba da kunya ba. Na rufe ido na bar hannun ya tafi. To hannun makaɗin fawa, in an ce ya yi gudu, ina zai nufa? Abu mafi sauri da ya sani shi ya ɗauko. Na matse igiyoyi, na saki, na maimaita, na ƙara maimaitawa, mutane suna tafi, Oga yana ihu yana cewa haka, haka. Sai da muka koma garke na buɗe ido, sannan kunnena ya gaya mini abin da hannuna ya faɗa wa unguwa baki ɗaya ta lasifika. An yanka, an yanka, ku zo da kwano.

Ba mu kai ga kiɗa na gaba ba sai hayaniya ta tashi a bakin ƙofa. Na leƙa ta saman katanga, na ga hanyar gona ta cika. Tsofaffin unguwa ne a gaba, kowace da kwano, wata da langa, wata har da ƙwarya. Iya Delu, maƙwabciyarmu wadda ta yi mini wanka ina jariri, ita ta ja su. Ta tsaya gaban mai gadi tana haki.

"Ina aka kayar da ita?"

"Wa, Iya?"

"Saniyar mana! Matsa mini, kada 'yan gaba su kwashe hanta."

"Iya, nan kulob ne. Kiɗa ake yi."

"Na san kiɗa ake yi, ai shi ya kira ni. Ko ka ga na yi kama da mai zuwa rawa?"

Ana cikin haka sai ga mahauta biyu da wuƙaƙensu, fuska a murtuke, sun zo su ga wanda ya yi yanka a bayan Sarkin Fawa ba da saninsa ba. Da aka fassara wa Oga Bitrus abin da ya faru, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Ya sa mai tsire ya zuba wa kowace tsohuwa tsinke a kwanonta. Iya Delu ta ɗaga nata ta juya shi, ta nemo ni da ido har ta same ni a bayan Sande.

"Haruna, na baro ruwa a wuta saboda tsinke? Allah ya shirye ka."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Iyakar abin da mutane suke ba ku ke nan in suna ba da labarin, domin nan ne wurin dariyar. Sauran ba sa faɗi.

Ba a daɗe ba wani makiyayi daga wajen Zango ya biyo ta bayan unguwarmu da shanunsa, saniya guda ta zame ta faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini, ta karye. Babbar saniya ce, ita ce ma abin kirkin da ke garken. Mahauta suka yanka ta da hantsi, aka aiko in zo. Na rataya kalangu na shiga lunguna ina faɗin abin da ya kamata in faɗa, wannan karon kuwa gaskiya ne. Na bi lungun farko, ba wanda ya leƙo. Na bi na biyu. A na uku wata mata ta ɗaga murya daga bayan katanga.

"A gaida mana 'yan kulob!"

Sai na ji dariya ta tashi daga gida zuwa gida. Na ajiye gula na riƙa faɗi da bakina, wallahi an yanka, amma bakina ba ya tsallake zaure, kuma ba da baki aka saba ji ba. Kafin magana ta zaga a yarda, rana ta take. Kun san zafin bazara. Wanda aka iya sayarwa aka sayar, wanda aka iya yanyanawa aka shanya, sauran ya fara sauya launi, da yamma aka haƙa rami aka binne. Makiyayin yana tsugune a gefe da sandarsa a kafaɗa. Bai zagi kowa ba. Ya dai dubi mahauta ya yi tambaya a hankali.

"Mutanen nan ba sa cin nama ne?"

Har yau in na ji ana ba da labarin kwanuka ana ƙyalƙyala dariya, ni fuskar mutumin nan nake gani.

Washegari Sarkin Fawa ya kira mu zaurensa, ni da Baba da Isiya. Dattijo ne mai sanyin magana, abokin Baba tun suna samari. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Tanko, ni ba ni da magana a kan kulob, kowa da inda yake samun sanyi. Amma matan nan ba sa ganin makaɗi, hannunsa kawai suke ji. In hannu ɗaya yana magana a can, yana magana a nan, ta yaya za su san wacce za su ɗauka?"

"Gaskiya ne, Sarki," in ji Baba.

"To ku je ku shawarta. Wanda zai riƙe mana kalangu, nan kaɗai za a riƙa jin hannunsa."

Muka taho da Baba har ƙofar gida. Na ɗauka zai yanke mini hukunci in huta, amma sai ya tsaya ya dafa bango.

"Kai, ba zan zaɓa maka ba. Kowanne ka ɗauka, ka ɗauke shi da hannu biyu."

Na yi kwanaki ina juya abin. In na bar kulob, komai zai koma yadda yake, a hankali a manta, kaso ya ci gaba da shigowa gida. In na bar fawa, na bar abin da kakana ya ba babana, babana ya ba ni, kuma tukunyar innarku za ta sani. Ga Isiya kuma, hannunsa ya fi nawa tsabta, amma tun da ni ne babba bai taɓa samun fili ba sai in ba ni da lafiya. Wata safiya innarku tana tankaɗe ta gaji da ganina zaune kamar an yi mini rasuwa.

"Maigida, in faɗi?"

"Faɗi."

"Ran yanka kana shigowa da ƙashi, ka ajiye, ka kwanta. Ran Asabar kana shigowa hannu wofi kana waƙa, har ka tambaye ni yaya na wuni. Ni dai miyar kuka ba ta taɓa kai kowa asibiti ba."

"Yara fa?"

"Yara kai za ka yi musu bayani, ba ni ba. Kuma in sun yi kuka, kai za ka lallashe su."

To ga bayanin nan ina yi muku, ko da yake ya makara.

Na ɗauki tsohon kalangun na kai wa Isiya a gaban Baba. Ya ƙi karɓa, ya ce Yaya ina ni ina wannan, sai da Baba ya daka masa tsawa sannan ya miƙo hannu. Sarkin Fawa ya sa aka gaya wa kowane gida cewa daga yau hannun Isiya ne. A hankali matan suka koma fitowa da kwanukansu. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, amma kada in ɓoye muku, shekarar ta yi nauyi. Manyanku za su tuna lokacin da miya ta koma daddawa da barkono. Isiya yakan aiko da ɗan abin da ya samu, amma shi ma yana da bakuna a gidansa. Na ƙara ƙarfi a gona, na koyi gyaran ganguna, abin kulob kuma ya ɗan toshe wata kafa. A rumfar mahauta, inda da nake shiga ba sallama a matsa mini wuri, na koma mai tsayawa a waje yana taya nama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ina zaune a gida in ji kalangun nan ya biyo ta lungunmu, muryar da na sani tun ina goye, a hammatar wani. Yatsuna sukan motsa da kansu a kan gwiwata.

A kulob kuwa ba ni da abin kiɗa. Oga Bitrus ya ba ni wata caki in riƙa kaɗawa. Da ya gane abin da shawararsa ta jawo, ya zo har zaure ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce a yafe masa, bai san ganga tana da baki har haka ba. Baba ya ce ba komai, ya sa aka kawo masa fura. Suka zauna suna hira a kan fata da ƙarfe, wanne ya fi jin sanyi, kamar sun daɗe da sanin juna.

Bayan tafiyarsa ne Baba ya aiki Isiya wurin masassaƙi. Damina ta sauka, aka kawo icen kalangu, Baba ya zauna da shi a zaure. Aikin da yake gamawa cikin 'yan kwanaki da can, yanzu ya cinye masa damina ɗungurungum, domin hannun yana rawa, igiya takan kuɓuce masa, ya sake kamawa. In na ce Baba kawo in taya ka, sai ya ce in je in duba gero. Ban tambaye shi na wane ne ba, shi ma bai faɗa ba. Sai da aka gama yankan gero ya kira ni, ya turo mini shi da ƙafa. Ya fi na gidan girma, cikinsa ya fi faɗi. Na buga sau ɗaya, muryar ta fito da kauri, can ƙasa, kamar ta mutumin da ya tashi daga barci.

"Na sauya masa murya," in ji Baba. "Ko kurma ya ji ya san ba na fawa ba ne. Kada a sake zuwar maka da kwano."

"Na gode, Baba. Amma me zan faɗa da shi? Na yi alkawari ba zan taɓa maganar kasuwa ba, ita kuma na iya."

"Ni na sani? Ka dai faɗi gaskiya."

Lahadin da ta biyo na kai shi kulob. An gama girbi, gonar ta sake buɗewa, daga inda nake zaune ina hango rufin gidajenmu. Audu ya shafa sabon kalangun ya ce wannan ai sai a yi masa suna. Muka fara da wani kiɗa mai taushi wanda malamin fiyano yake so. Muka fita tare, Oga ya yi kiwonsa mai tsawo, Audu ya yi nasa. Sai gira ta ɗagu.

Wannan karon ban rufe ido ba. Na dubi lasifika, na dubi rufin gidajen nan, na san a ƙarƙashin kowanne akwai wata da ta tsaya da abin da take yi, tana jin sabuwar murya, tana shawarar ko ta ɗauko kwano. Sai na ga ai akwai abu guda da ya kamata in gaya musu, kuma gaskiya ne, kuma ba na kowa ba ne. Na matse igiyoyi na faɗa a hankali.

Ba nama, ba nama, Haruna ne.

Hausawan da ke ƙarƙashin darbejiya suka fashe da dariya, mai tsire har ya saki tsinke. Na sake faɗi. Na ja shi, na gajarta shi, na faɗe shi kamar mai ba da haƙuri, na faɗe shi kamar mai alfahari, na raba shi biyu na bar Sande ya cike tsakiyar. Ashe magana guda tana da ɗakuna da yawa haka. Oga Bitrus bai san abin da nake cewa ba, amma ya kama muryar ya mayar mini da ita ta ƙaho, ni da shi muka yi ta miƙa wa juna. Da na gaji na sassauta, sauran ma suka yi ƙasa ƙasa don mu koma garke.

A cikin wannan sassaucin ne muka ji wani kalangu daga ƙetaren gona. Tsohon kalangun gidanmu ne, ba mai gaya mini. Amma ba hannun Isiya ba ne. Isiya bugunsa tsaf yake, wannan kuwa yana rawa, yana makara, gula tana zamewa. Oga ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Sai sautin ya sake fitowa, a hankali, kalma bayan kalma.

Mun ji, mun ji, Haruna.

Na zauna da gula a hannu ban iya ɗaga ta ba. Oga ya matso ya rage murya.

"Wane ne wancan?"

"Babana ne."

"Me ya ce?"

"Sunana ya kira."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Oga."

Ya dube ni, ya ga abin da ya gani a fuskata, bai ƙara tambaya ba. Ya ɗaga ƙahonsa ya mayar da mu garke, ana gamawa kuwa aka kira magariba.

Na bi ta gona na dawo. Iya Delu tana ƙofar gidanta tana alwala, ta ce sannu Ba-Nama, yau dai ka faɗi gaskiya. Daga bakinta sunan ya fito, kafin mako ya zagayo ya bi gari. Na shiga zaure na tarar da Baba a wurinsa, tsohon kalangun yana jingine a gefensa, Isiya bai riga ya zo ɗauka ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana duban bango.

"Kai, ka cika sauri a tsakiya. Ka riƙa bari maganar ta sauka."

"To, Baba."

Ya yi shekaru bayan wannan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya koma bai taɓa faɗin sunan da bakinsa ba. Ban kuma nema ba. Oga Bitrus ya koma garinsu, Audu ne yake riƙe da mu yanzu, an sami sababbin hannu, lasifikar ma an sauya ta. Gonar nan an gine ta, unguwarmu ta sami masu firji, Isiya sai ran biki ake nemansa. Ni kuwa har gobe, Asabar da Lahadi bayan la'asar, in nawa ya zo da maganar nan nake farawa. Audu ya sha tambayata me ya sa in na faɗe ta nakan ɗan dakata kafin in ci gaba, har ya ce ina ɓata masa lissafi. Na ce masa Baba ne ya ce in riƙa bari ta sauka. Ku dai yanzu kun san abin da nake saurare.